Ƙaramin abu ke tunzura ni kwanan nan, ya ake yi mutum ya daina saurin fushi?

Abu_Sadiq:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema akan wani abu da ya fara damuna sosai. Ni ba mutum bane mai faɗa, duk wanda ya sanni zai shaida, amma kwanan nan abun da a da ko kai ba zan ɗaga in kalla ba shi ke tunzura ni. Netwok ya tsaya ina tsakiyar tura saƙo sai in ji kamar in buga wayar da ƙasa, ko wani ya shigo min hannu a titi ba sigina, ko ina magana a katse ni, ko mutum ya tsaya gabana a layi sai da aka zo kansa sannan ya fara laluben aljihu, ko yara su yo kaina da Abba Abba ko takalmi ban cire ba. Kuma abun takaicin ba a inda abun ya faru nake fitar da shi ba, a wajen aiki haɗiyewa nake yi saboda ba dama, sai na dawo gida waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su kwashi rabonsu, haushin kaza huce kan dami kenan. Uwargida ta ce min ita yanzu sai ta karanci fuskata kafin ta yi min sannu da zuwa, maganar nan ta tsaya min a rai wallahi.

Don Allah kar a ce min kawai ka yi haƙuri, na san haƙuri, tun muna yara ake faɗa mana. Tambayata ita ce TA YAYA, a daidai lokacin da ƙirji ya ɗau zafi kunne ya toshe, me mutum zai yi da hannunsa da bakinsa? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya fita ya taimaka min.

Bash_K:

Wa alaikumus salam. Yallaɓai matsalarka ka faɗe ta da bakinka ai, haɗiyewa kake yi. Abu in ya taru dole ya nemi hanyar fita. Ni in raina ya ɓaci jim, wajen motsa jiki, nake zuwa in samu buhun nan da 'yan dambe ke duka in yi ta jibgarsa ina hango fuskar wanda ya ɓata min rai har sai hannuna ya mutu, ko in rufe gilashin mota in kurma ihu son raina, ko in fita gudu. Ka gwada zaka ban labari. Fitar da shi kawai, kar ka bari ya kashe ka a tsaye.

Maman_Ihsan:

Malam Bash ka yi min afuwa amma wannan shawarar taka akwai gyara a ciki, kuma ba kai kaɗai ba, mutane da yawa haka suka ɗauka, wai fushi wani abu ne da ke taruwa a ciki sai an zubar da shi ta hanyar duka ko ihu. An gwada wannan magana fa ba sau ɗaya ba. Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Brad Bushman, a 2002 ya wallafa wani bincike da ya yi da ɗalibai wajen 600. Aka sa kowa ya rubuta ɗan rubutu, sai aka dawo musu da shi da mummunar suka kamar daga wani ɗalibi ɗan'uwansu, da gangan don a ɓata musu rai. Daga nan aka kasa su uku, wasu su daki buhun dambe suna tunanin wanda ya kushe su, wasu su daki buhun suna tunanin motsa jiki kawai, wasu kuma su zauna shiru na minti 2 ba su yi komai ba. Bayan nan aka ba kowa damar ramawa ta hanyar sakar wa wancan mutumin ƙara mai ƙarfi a kunne. To waɗanda suka daki buhu suna hango fuskar mutumin, irin naka kenan Malam Bash, su suka fi kowa fushi kuma su suka fi kowa mugunta wajen ramawar. Waɗanda suka zauna shiru su ne suka fi sauƙi. Wato ƙara wa wuta fetur ne, mutum yana jin daɗi a lokacin saboda ya gaji ya yi gumi, amma ya koya wa kansa cewa in rai ya ɓaci duka ake yi.

A 2024 kuma shi Bushman ɗin da wata abokiyar aikinsa Sophie Kjærvik a Jami'ar Jihar Ohio suka tattara bincike 154 da aka yi akan mutum sama da 10,000, abun da ya fito shine duk abun da ke sauke zafin jiki, kamar jan numfashi a hankali, sassauta gaɓoɓi, zama shiru, yana rage fushi, abubuwan da ke ƙara wa jiki zafi kuwa a dunƙule ba su rage shi ba, gudu ma har ƙara shi yake yi.

Dalilin mai sauƙi ne. Fushi a jiki yake farawa kafin ya iso baki. Akwai wani ɗan ɓangare can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa gane barazana, shi bai san bambancin ɓarawo da mai katse maka magana ba, da ya ji an taɓa ka sai ya tada ƙararrawa, jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, haƙora su datse. Shi yasa kake jin ƙirjinka ya ɗau zafi Abban Sadiq, ba tunaninka bane kawai, da gaske jikinka ya shirya yin kokawa. Shi kuma ɓangaren da ke bayan goshi, wanda ke auna magana ya ce wannan bai dace ba, a wannan lokacin muryarsa ta yi ƙasa. Don haka in ka ce zaka lallashi kanka da hujja a daidai lokacin baka da abokin tattaunawa, jikin zaka fara saukewa.

Abun da ya fi sauƙi kuma ba wanda zai gane kana yi ko a ofis, numfashi ne, amma ba jan numfashi da ƙarfi ba kamar yadda mutane ke yi su ƙara cika ƙirji. Fitarwar ce ke aiki. Duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi bugun zuciya na ɗan raguwa, wata jijiya mai suna bagus ce ke taka mata birki. To ka ja ta hanci ka ƙirga 4, ka fitar a hankali ka ƙirga 6 ko 8, ka maimaita na minti ɗaya ko biyu, ka saki kafaɗunka ka buɗe tafin hannunka in ka dunƙule shi. Kuma ka faɗa wa kanka a zuci raina ya ɓaci yanzu, haka kawai, ba tare da ƙara shi ya jawo ko ita ta jawo ba. An yi bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelos a 2007, Matthew Lieberman da abokan aikinsa, suka ga cewa kiran abun da ake ji da sunansa yana rage tashin amigdala ɗin. Ba zai mayar da kai waliyyi ba, amma zai baka 'yan daƙiƙun da za su hana maganar da bata da kyau fita.

Baba_Mai_Carbi:

Ɗana Abu Sadiq, Allah Ya yaye maka. Ka ce kar a ce maka ka yi haƙuri kawai, to gaskiyarka, kuma Annabi SAW ma bai bar mu da kalmar kawai ba, aiki ya bayar na yi da jiki. A hadisin Abu Zarri wanda Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya yi fushi yana tsaye to ya zauna, in fushin bai tafi ba ya kishingiɗa. A wanda Imam Ahmad ya ruwaito daga Ibn Abbas, wanda ya yi fushi ya yi shiru. A Bukhari da Muslim kuma akwai labarin mutum biyu da suke zage-zage a gabansa har fuskar ɗaya ta yi ja, ya ce ya san kalmar da in mutumin ya faɗa abun da yake ji zai tafi, ita ce A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Ka duba da kyau, zama, kishingiɗa, shiru, duk abubuwan da ke sauke jiki ne, babu inda aka ce je ka daki wani abu. Ina karanta bayanin 'yata Maman Ihsan ina murmushi.

Wani hadisin da mutane ba su cika kawowa a wannan babin ba shine wanda ya hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Alƙali fa, mai ilimi mai shekaru. To kai ma a gidanka alƙali ne, in ka shigo da zafi kar ka yanke hukuncin komai, kar ka hukunta yaro, kar ka amsa ƙorafin iyali, kar ka tura saƙon nan da ka rubuta. Magana zarar bunu ce. Ni da na manyanta na ga gidaje da suka mutu ba don wani babban laifi ba, sai don kalma ɗaya da aka faɗa a tsaye wadda da an zauna ba za a faɗe ta ba.

Nas_Hauwa:

Ni ma'aikaciyar jinya ce don haka ta ɓangarena zan duba. Abun da ya ja hankalina a rubutunka kalmar "kwanan nan" ce. Mutumin da ya ce tun tasowarsa haka yake daban, wanda ya ce da ba haka nake ba daban, na biyun sai a tambayi me ya canza. Layi da netwok da direbobi marasa sigina ai suna nan tun da can, ba su ne sababbi ba.

Awa nawa kake barci? Ba awa nawa kake kwance ba, barci. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun hana wasu matasa barci na kusan awa 35 sannan suka nuna musu hotuna masu tada hankali ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, amigdala ɗin nan da aka ambata a sama ta fi ta waɗanda suka yi barci tashi da sama da kashi 60 cikin ɗari, kuma alaƙarta da ɓangaren goshi mai taka birki ta yi rauni. Ba sai ka kwana ido biyu ba, ragin awa ɗaya biyu kullum ma yana taruwa. Sannan kofi da lemukan ƙara kuzari, sinadarin kafeyin da ke ciki yana ɗaukar kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, wanda aka sha da la'asar yana nan a jiki lokacin kwanciya, ga shi shi kansa yana sa bugun zuciya da rawar jiki. Sai yunwa, mutum ya wuni yana aiki bai sa komai a ciki ba ya dawo yana mamakin me yasa muryar yara ke masa zafi a kunne.

In duk waɗannan lafiya lau ne kuma abun ya ƙi, ka je asibiti, ba wasa nake ba. Akwai wata ƙwaya a gaban wuya da ake kira tayirod, in tana aiki fiye da kima tana kawo saurin fushi da bugun zuciya da rama da yawan gumi da rashin barci, gwajin jini kawai ake yi a gane. Ciwon damuwa ma, musamman a maza, sau da yawa ba da kuka yake zuwa ba, da faɗa da ƙosawa yake zuwa, mutum ya daina jin daɗin abun da yake so a da. Ciwon da ya daɗe a jiki kamar baya ko haƙori ko ciwon kai shima haka. Kuma a auna hawan jini, ba don shi ke kawo fushin ba, don fushin ne ke yi masa illa. Masu bincike a Harvard sun tattara nazarce-nazarce a 2014 suka ga cewa a cikin awa 2 bayan mummunan fushi haɗarin bugun zuciya, wato toshewar jijiyar jinin zuciya, yana ninkawa kusan sau 5, na shanyewar ɓarin jiki sama da sau 3. Ga mai lafiya da ba kullum yake fushi ba haɗarin ƙarami ne duk da haka, amma ga mai hawan jini ko ciwon suga da ke fushi kullum lissafin ya canza.

Abu_Sadiq:

Nagode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri. Baba na gode da addu'a. Sista Hauwa kamar kina gidanmu, barcina bai kai awa 7 ba ko kusa, waya ce a hannuna har dare ya raba, kofi kuwa da yamma nake ƙarawa don in ƙarasa aiki, kuma aikin ya ƙaru tunda aka rage mana ma'aikata.

Amma akwai inda na tsaya. Wasu mutanen fa da gaske laifi suke yi. Akwai wanda muke aiki tare da kullum sai ya bar min nasa aikin ya tafi, in na yi numfashi na ƙirga 8 na yi shiru gobe ma haka zai yi. To ba haɗiyewar da nake yi bace aka canza mata suna? Sai in zama wanda kowa ke takawa kenan?

Maman_Ihsan:

A'a ba ɗaya bane, kuma tambayar nan ita ce ainihin wajen. Haɗiyewa ita ce fuska ta nuna lafiya lau ciki yana tafasa, kuma maganar ba za a taɓa yinta ba. James Gross na Jami'ar Stanford ya daɗe yana nazarin wannan tun shekarun 1990, ya nuna cewa mai danne fuskarsa kawai jikinsa bai huce ba, tashin ma ƙaruwa yake yi. Abun da nake faɗa maka shine ka sauke jikin tukuna SANNAN ka yi maganar, ba a madadinta ba. Abokin aikin nan naka dole ka yi masa magana, amma ba lokacin da ya ɗau jakarsa zai fita kai kuma ƙirjinka na bugawa ba, a lokacin abun da zai fito shine kai kullum haka kake baka da mutunci, shi kuma sai ya kama kalmar mutunci ku yi ta faɗa a kanta, maganar aikin ta ɓace. Washegari da safe ka same shi ku biyu, ka ce jiya da shekaranjiya ka bar min kaza da kaza, ba zan ƙara ɗauka ba, in ya fi ƙarfinka mu je wajen oga a sake rabo. Gajere, ba zagi ba dogon tarihi. In ya sake sai ka bar aikin a inda ya bar shi. Ina ganin rabin fushin da kake kaiwa gida na wannan maganar ce da baka yi ba, kana maimaita ta a ranka a hanya, kuma maimaitawar nan ita ke riƙe fushi ya kwana.

Na gida kuma, John Gottman da ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata ya lura cewa in bugun zuciyar mutum ya haura 100 a minti lokacin gardama ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko, da sharaɗin ba zama zai yi yana shirya amsar da zai bayar ba. Amma don Allah kar ka juya baya ka fice kawai, a wajen mace wannan ya fi faɗan ciwo, ni mace ce na sani. Ka ce mata raina a ɓace yake ba ke bace, ki bani minti 20 zan dawo mu yi magana, kuma ka dawo ɗin. Ku ma yi yarjejeniya tun ana zaman lafiya cewa in ka shigo zaka gaisa da kowa ka rungumi yara sannan a barka ka watsa ruwa ka ci wani abu kafin a kawo maka rahoton wanda ya fasa kaza. Yara suna gane tsari da wuri in an riƙe shi.

Su kuma na titi da na layi, waɗanda ba zaka sake ganinsu ba, babu maganar da za a yi da su, sai dai labarin da kake ba kanka. Mun iya yi wa kanmu uzuri, in ni na shiga hannun wani sauri nake ina da dalili, in wani ya shigo min ɗan rainin wayo ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Lee Ross, ya yi rubutu akan wannan ɗabi'ar a 1977, yadda muke jingina kuskuren wasu ga halinsu mu manta da yanayin da suke ciki. Baka san dalilinsa ba, ƙila mara lafiya ya ɗauko, ƙila kuma da gaske ɗan rainin wayon ne, amma tunda duk biyun hasashe ne ni dai na fi son in zaɓi wanda ba zai tada min jijiyar wuya ba.

Bash_K:

Toh Hajiya an kashe min kasuwa kenan hhhh. Amma gaskiya ni jim yana min amfani, ranar da ban je ba ma na fi masifa a gida, wannan kuma ba bincike bane ni na gani a jikina.

Nas_Hauwa:

Malam Bash ba wanda ya ce ka bar jim, motsa jiki a kai a kai yana gyara barci yana rage damuwa, shi yasa kake ganin bambanci. Fuskar mutumin ce zaka daina liƙawa a jikin buhun. A wancan binciken na 2024 ma wasannin ƙwallo da ake yi da jama'a sun rage fushi, gudu ne ya ƙara shi.

Abban Sadiq kai kuma ka fara da abu biyu na sati biyu, kofi ya tsaya daga azahar, waya kuma ta kwana a caji a falo ba gefen filo ba, in don ƙararrawar asuba ce ka sayi ƙaramin agogo. In bayan nan babu canji, ko kana jin zuciyarka na bugawa kana zaune, ko kana ramewa ba dalili, ka je a duba maka tayirod da hawan jini a zuwa ɗaya.